Kafin a Shiga Kasuwar Sabon Gari: Zaɓen Kayan Taimako ga Ɗalibi Mai Naƙasa



 Batun da muka zo da shi a yau shi ne yadda ya kamata a zaɓa wa ɗalibin sakandare mai naƙasar ƙafa ko ta hannu kayan da za su taimake shi ya yi karatunsa. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin jami'a da keken guragu? To, abin da ya haɗa mu da shi yana da yawa. A gidajenmu duk wanda ya shiga jami'a ana ganin idonsa ya buɗe, saboda haka shi ake damƙa wa kuɗi a ce ya je Kasuwar Sabon Gari ya sayo wa ƙanensa keke. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban garuruwa sukan tara kuɗi lokacin hutu su yi rabon kekuna. Ku kuwa yayyenmu da kuke ma'aikatun ilimi da na lafiya da ƙananan hukumomi, ku ne kuke rubuta takardar da ake sayen kayan da ita. Ashe kuwa da mu da ku duka hannunmu yana ciki.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan jawabi guda ɗaya ne, watau cewa kasuwa ita ce zangon ƙarshe a wannan tafiya. Wanda ya fara da ita, sau da yawa yakan dawo gida da kayan da za su ƙare a jingine a zaure, yaro kuma ya ci gaba da rarrafe, ko ma ya bar makarantar baki ɗaya.

SU WANE NE WAƊANNAN ƊALIBAI?

Kowa a nan ya san tarihin shan inna a Kano. A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin cutar a wannan jiha saboda zargin da ya yaɗu game da maganin, ba a ci gaba da shi ba sai a watan Yuli na 2004. A shekarar 2006 kaɗai an ƙidaya yara 1,122 da cutar ta kama a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Yaro na ƙarshe da aka samu da ƙwayar cutar ta asali a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, sa'an nan a watan Agusta na 2020 aka ba da shaidar cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Wannan abin godiya ne ga Allah, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Wanda ta kama yana ɗan shekara ɗaya ko biyu tsakanin 2009 da 2012, a yau shi ne yake ajin sakandare, ko kuma ya kamata a ce yana ciki.

Ban da su akwai wanda hatsarin mota ko na babur ya taɓa masa laka, da wanda aka yanke wa ƙafa ko hannu bayan karaya ta lalace, da mai amosanin jini da cutar ta cinye masa ƙashin ƙugu, da kuma wanda ya sami rauni a ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa gaɓoɓinsa suka sandare. A bakin jama'a duk sunansu ɗaya, gurgu. A wajen zaɓen kaya kuwa sun bambanta ƙwarai. Alal misali, shan inna tana kashe ƙarfin ƙafa amma ba ta ɗauke ji, saboda haka idan wurin zama yana cin yaro zai ji ya gyara zama. Mai ciwon laka shi ba ya ji. Sai ya yi awa shida a kan katako, fatar mazauninsa ta mutu bai sani ba, ta zama gyambo, gyambon nan kuwa yana iya kwantar da shi asibiti wata da watanni, yana ma iya zama ajalinsa. Keken da ya yi wa na farko daidai, ga na biyu cuta ne muddin babu matashin zama na musamman.

Matsalar kuwa ta game duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022, sun ce mutum fiye da biliyan 2.5 suna buƙatar wani kayan taimako, kamar tabarau ko na'urar ji ko keke, kusan biliyan ɗaya daga cikinsu kuma ba su samu ba. A nan gida, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019. Dokar ta ba mai naƙasa haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta ɗora wa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa alhakin samar da kayan taimakon karatu, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a Janairu na 2024. Saboda haka abin da muke magana a kansa haƙƙi ne da doka ta rubuta, bai kamata ya tsaya ga jiran mai sadaka ba.

MATAKI NA FARKO: JIKIN ƊALIBI

Idan mutum zai ɗinka riga ta dubu biyar, sai tela ya auna shi. Abin mamaki, keken da yaro zai zauna a kai tun safe har la'asar, shekara da shekaru, shi ake saye ba awo, mai keken ma yana gida. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 ta taƙaita aikin ba da keken guragu a matakai huɗu: a zaɓa, a daidaita shi da jikin mai shi, a koya masa amfani da shi, a riƙa bibiya. Biyan kuɗi a kasuwa ɗan yanki ne kawai na mataki na farko.

A Kano Allah ya hutar da mu neman inda za a je. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana da sashen da ake ƙera ƙafar roba da takalmin ƙarfe. Ga sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A can ne masana za su faɗa mana ko yaron nan keke yake buƙata, ko sanduna da takalmin ƙarfe sun wadatar, ko kuma akwai aikin da za a yi wa ƙafar tukuna. Yaron da zai iya tafiya da sanda, idan aka ɗora shi a keke dindindin don tausayi, ɗan ƙarfin da ya rage masa ma sai ya tafi.

Akwai awon da kowannenmu zai iya dubawa da idonsa. Faɗin wurin zama ya yi daidai da ƙugu, yadda tafin hannu zai shiga ta kowane gefe ba tare da saura mai yawa ba. Idan ya yi faɗi, yaro zai karkace gefe ɗaya, ƙashin bayansa da yake cikin girma ya lanƙwashe, hannunsa kuma ya riƙa kai wa taya da ƙyar. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar yatsa biyu ko uku. Ƙafa ta zauna daram a kan matakinta, kada ta yi lilo. Idan sanda ce ta hammata, kanta ya tsaya yatsa biyu ko uku ƙasa da hammatar, nauyin jiki ya sauka a tafin hannu, domin jingina hammata a kan sanda yana danne jijiya har hannu ya mutu. A kuma tuna cewa ɗan shekara goma sha uku ba zai tsaya haka ba. Takalmin ƙarfen da ya yi masa a aji ɗaya zai matse shi kafin ya kai aji uku, don haka sake awo kowace shekara wajibi ne.

MATAKI NA BIYU: HANYA DA MAKARANTA

Sunan keken guragu abu biyu ya ɗauka. Akwai kujera mai taya huɗu irin ta asibiti, akwai kuma keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Kowanne da wurin da ya fi ƙarfi. Mu ɗauka ga yarinya a Fagge, makarantarta tana da nisan kilomita biyu daga gida. Za ta fito ta lungu mai yashi, ta tsallake kwata, ta ratsa cunkoson 'yan kasuwa, a watan Agusta kuma ta shiga taɓo. Kujerar asibiti an yi ta ne domin daɓe mai santsi da mai turawa a baya. Ƙananan tayoyinta na gaba da sun shiga yashi sai su kafe. Keke mai ƙafa uku shi ne gwanin wannan hanya, yana da sauri, yana kuma da wurin ɗora jaka. Amma da ta isa ƙofar aji sai labari ya sake, domin yana da tsawo, ba ya juyawa a tsakanin tebura, ba ya kuma shiga ban ɗaki. Kujerar da take naɗewa ita tana shiga aji, tana kuma shiga A Daidaita Sahu, sai dai kuɗin mota na kullum ya hau kan iyaye. Shi ya sa sau da yawa amsar ba kaya guda ba ce. Wani ɗalibin keke mai ƙafa uku zai kai shi ƙofar aji ya ƙarasa da sanduna. Wani kuwa keke na hanya, kujera kuma a ajiye masa a makaranta. Idan yarinya ce, a tabbatar an rufe sarƙar keken da murfi, kada ta kama mata hijabi.

Saboda haka, kafin a taka kasuwa sai a taka makarantar, da igiyar awo a hannu. A auna faɗin ƙofar aji da ta ban ɗaki, domin keke yana buƙatar ƙofar da ta kai santimita 80 zuwa 90. A duba tudun da ke bakin aji. Ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo, watau dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangara mai mita 3.6. Abin da ya gaza haka, yaro ba zai hau shi kaɗai ba, saukowa kuma hatsari ce. A duba abin zama. Yawancin makarantunmu benci ne haɗe da tebur, keke ba shi da inda zai shiga, alhali kafinta zai iya yin tebur guda mai tsayin da gwiwa za ta shige ƙarƙashinsa cikin yini ɗaya. Idan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yana kan bene, ko ajin ɗalibin ne a sama, sauko da ajin ƙasa ba ya cin ko kwabo, umurnin shugaban makaranta kawai yake jira.

Akwai abin da kunya take hana mu faɗa, shi ne ban ɗaki. Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga wanda ƙafafunsa ba su ɗaukarsa, sai dai ya dafa ƙasa da hannu, kowa kuwa ya san halin da ƙasan take ciki. Yaro sai ya ƙi shan ruwa tun safe don gudun wannan, yarinya da ta fara al'ada kuma sai ta zauna a gida. Kujera mai rami da mai walda zai haɗa, da ƙarfen dafawa a bango, suna iya riƙe ɗalibi a makaranta fiye da keke mai tsada.

MATAKI NA UKU: HANNU DA RUBUTU

Isa aji rabin aiki ne, saura rubutu. Ɗalibin da yatsunsa ba su riƙe biro sosai, abin da ya kamata a fara gwadawa shi ne mafi sauƙi: a naɗa wa biron soso ko a zura shi cikin guntun tiyo ya yi kauri, a sami allo mai matsewa ya riƙe takarda, a ɗan karkato saman teburin. Idan wannan bai isa ba sai a matsa zuwa na'ura. A cikin kwamfuta akwai tsarin da yake bari mai hannu ɗaya ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya maimakon tare, kyauta kuma yake. A 2024 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da mutum zai yi magana waya ta rubuta masa. Amma kafin a sayi waya a tambaya, makarantar ta yarda a shiga da ita aji? Akwai inda za a yi caji? Haka kuma jarrabawar JAMB tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, don haka ɗalibin nan yana buƙatar ya saba da ita tun yana aji huɗu. Lokacin rajistar jarrabawar fita kuma, wajibi ne makaranta ta sanar da hukumar jarrabawa halin da yake ciki tun da wuri, domin a yi masa tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MATAKI NA HUƊU: KASUWA

Yanzu ne muka iso Sabon Gari, da takardar awo a aljihu, da ɗalibin a tare da mu. Wannan kasuwa, wadda take ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, ta taso ne tare da unguwar da aka kafa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, tun daga lokacin kuma mattara ce ta kayan da ake shigowa da su daga nesa. Amfaninta a gare mu biyu ne. A nan za mu ga kaya iri iri mu gwada, a nan ne kuma za mu gane ko abin da muke shirin saye zai gyaru. Tambayar da za a yi wa kowane keke ita ce, idan ya lalace, kayan gyaransa suna cikin kasuwar nan? Taya da tif da boris da sarƙa da birki, idan irin na keken hawa ne, to kowane mai faci da kowane bakanike a Fagge zai iya da shi. Idan kuwa tayarsa ta roba ce mai wani awo da ba a samu sai an aika waje, ranar da ta tsage ranar karatu ya tsaya.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Wani injiniya ɗan Amurka, Ralf Hotchkiss, wanda shi kansa da keke yake tafiya, tun 1980 ya fara aiki da naƙasassu a Nikaraguwa suna ƙera kekunan da za a iya gyarawa da kayan keken hawa da walda ta gari. A nan Kano ma, ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannun 'ya'yanta. Fa'idar maƙeri na gida ita ce zai auna yaro ya yi masa daidai jikinsa, idan kuma walda ta ɓalle an san inda yake.

Game da kujerun gwanjo, a duba su da kyau: tsatsa a mahaɗar ƙarfe, ledar zama da ta saki ta zama kamar raga, birkin da ba ya kamawa, taya mai rawa. Yawancinsu ma na manya ne, sun fi ƙarfin ɗan aji biyu. Keke mai batir yana da amfani ga wanda hannayensa ma ba su da ƙarfi, amma yana son wuta kullum, batirinsa yana mutuwa, yana da nauyin da ba ya ɗaguwa a tsallake kwata, don haka kada a saye shi don burgewa. Daga cikin kuɗin kuma a ware wani abu domin matashin zama da famfon iska da robar gindin sanda da kuma gyara. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, nagari a nan kuwa shi ne wanda zai kai yaro ƙarshen aji shida.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Duk abin da muka lissafa ba zai yi amfani ba idan ba a tambayi ɗalibin ba. Mun saba mu yi magana da mahaifinsa yana zaune, kamar raunin ƙafa ya taɓa masa hankali. Alhali shi ya san lungun da yake kafewa, shi ya san awar da bayansa yake fara ciwo, shi ne kuma zai shiga tsakiyar tsaransa da wannan kaya, a shekarun da dariyar abokai ta fi duka zafi. Kayan da bai so ba, zai ajiye shi. Ku dubi ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro a 1988. 'Yan wasan a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi suke gudu, abin da babu wani kamfani da ya zana musu, su suka san abin da ya dace da jikinsu. Wanda ya iya wannan, zaɓen kekensa ba zai gagare shi ba. A bar shi ya hau, ya tuƙa, ya juya, ya taka birki, ya sauka ya sake hawa, sa'an nan a yi ciniki.

KAMMALAWA

Daga ƙarshe muna da kira guda biyu. Na farko ga yayyenmu ma'aikata. Idan takardar sayen kekuna ɗari ta zo teburinku, ku tambaya, ina sunayen mutum ɗarin, ina awonsu, wa zai daidaita musu, nawa aka ware domin gyara? Kekuna ɗari masu girma ɗaya an yi su ne domin hoton ranar rabo. Gara hamsin da aka auna aka kuma bibiya. Ku da kuke duba makarantu kuma, ku sa gangara da ƙofa da ban ɗaki cikin abin da kuke rubutawa a rahotonku, tun da doka tana bayanku.

Na biyu ga mu ɗalibai. A cikinmu akwai masu karatun gashin ƙashi, da masu karatun injiniya, da masu karatun ilimin masu buƙata ta musamman. Idan ƙungiyar garinku za ta yi aikin alheri a wannan hutu, ta haɗa waɗannan uku, su ɗauki makarantar sakandare guda, su nemi ɗalibanta masu naƙasa, su bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, su kuma koma bayan wata uku su ga abin da ya lalace. Kafin nan ma mu ɗauki igiyar awon mu zaga ɗakunan laccarmu da ɗakunan kwananmu, domin an ce in kura tana maganin zawo ta yi wa kanta, yaran nan kuwa nan suke fatan zuwa idan sun gama.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa karatunmu ya amfani jama'a.